Lissafin Jifan Ɗan Hodi

Idan ka sauka fadamar Argungu lokacin da shinkafa ta fara nuna, ka tambayi Hodi mai tsaron tsuntsu, babu wanda zai ce maka wane Hodi. Mijin yayata Fadimatu ne, saboda haka ina da izinin faɗin abin da wasu za su ji nauyin faɗa: mutum ne mai taurin kai, mai rowar magana, wanda in ka kawo masa labari mai daɗi sai ya juya shi ya duba cikinsa kamar mai sayen kifi. Ni sunana Aminullahi, malamin lissafi ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, gidana yana Gwadangaji. Kusan shekara talatin ina tsokanarsa yana tsokanata. Yana kirana Malamin Lissahi, ni kuma ina kiransa Sarkin Jan-baki, ko da yake tun bara na daina.

Jan-baki su ne ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa dubu-dubu, su sauka kan gonar shinkafa da hantsi, kafin azahar su bar wa mai gona kara. Kowa da yadda yake korarsu. Wasu igiya suke jerawa da gwangwanaye su riƙa ja, wasu majajjawa, wasu ihu kawai har murya ta dushe. Hodi a zamaninsa da hannu yake jifa. Da la'asar zai ɗebo laka a bakin gulbi ya mulmula ta curi-curi, kowanne kamar ƙwan agwagwa, ya jera su goma-goma su sha iska. Gari na wayewa ya hau rumfarsa ta kara da kwando cike. Cewa yake garken tsuntsu yana da goshi, in ka sami goshin da curi ɗaya duk garken zai juya, in kuwa ka yi jifa a tsakiya laka kawai ka ɓata. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Garke ya taso baƙi ƙirin daga wajen gulbi, Hodi ya saki curi ɗaya, garken ya karkata ya nufi wani wuri. Manoma har rige-rigen ɗaukarsa suke yi.

Saboda jerin goma-goman nan, kullum ya san jifa nawa ya yi. Mahaifinsa, wanda shi ma sana'arsa ke nan, ya gindaya masa iyaka: jifa ɗari na ƙarfi a yini, in sun ƙare a koma igiya. Ya kiyaye wannan shekara ashirin. Sai wata shekara tsuntsu ya zo da yawan da tsofaffi ma ba su taɓa gani ba, ga gonaki huɗu a wuyansa, ɗaya tasa ce. Ya koma mulmula kwando biyu. Kwana goma sha biyu ya yi yana jifa ɗari biyu da wani abu a yini.

Daga baya ya ba ni labarin yadda abin ya zo masa, sau ɗaya tak, bai kuma sake ba.

"Ba ciwo ka hwara zuwa ba," in ji shi. "Saiti ka hwara tahiya. Ka nuhi goshi, curi shi bi sama. Ka sake, shi bi gehe. Ƙarhi na nan, hannu bai ce maka komi ba, kai kana cewa iska ta. Ran da ciwo yaz zo, an riga an gama."

A rana ta goma sha uku ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa ta dama. An kai shi wajen mai ɗori, an kai shi asibiti, an sha sassaƙe iri-iri. Har yau hannun ba ya wuce ƙirji. In ya yi kabbara, na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a hanya. Gonakin huɗu sun tsira, shi kuwa ya koma jan igiya da hagu kamar kowa.

Nu'uman shi ne ɗansa na fari, kuma gidan su Hodi ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Uba ba ya faɗin sunansa, ba ya cin abinci tare da shi, ba ya nuna ya damu da shi. "Yaron ga" yake cewa, ko in da ni yake magana, "ɗan yayarka." In akwai magana mai nauyi, ta bakin kawu take bi, wato ta bakina. Ni ɗan boko ina yi wa abin dariya, amma gaskiya ina jin daɗin matsayin.

Ko jifa ma, in ka tambayi Hodi, bai koya wa yaron ba. Sai dai in Nu'uman yana jifa kusa da rumfa, Hodi ya kalli wani gefe ya ce da iska, "Wasu dai ba su san ƙugu ka jihwa ba, sai su ɗora ma kahwaɗa." Yaro ya gyara tsayuwa. Haka aka yi ta yi, har ya kai shekara goma sha shida yana samun goshin garke daga nisan da ubansa bai taɓa kaiwa ba.

A shekarar ne aka turo wani ɗan bautar ƙasa daga Ilorin makarantarsu, mai koyar da wasanni. Ya ga yaron yana jifa, ya tsaya baki buɗe, ya ce wannan hannun na besbol ne. In ba ka san wasan ba, ga shi a taƙaice yadda ni ma na fahimce shi. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo mai taurin gaske, wani yana tsaye da kulki yana jira ya make ta. In mai kulki ya kuskure sau uku, an fitar da shi. In kuwa mai jifa ne ya kauce wa saiti sau huɗu, mai kulki ya wuce gaba kyauta, bai bugi komai ba. Sauran dokokin suna da yawa, amma Hodi bai taɓa tambayarsu ba.

Nu'uman ya yi shekara huɗu a Ilorin, inda ake da filin wasan. Wani mai horarwa ɗan Japan ya gan shi a can, aka yi gwaji, aka ɗauke shi a wata ƙaramar gasa ta ƙwararru a ƙasarsu. Ni na cika takardu, ni na lallashi Fadimatu, ni na raka shi Abuja. Ranar da na je wa Hodi da zancen yana gyaran igiya, bai ɗago ba.

"Jihwa dai za shi yi?"

Na ce jifa.

"To a tambaya muna nawa a yini."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mutanen da suke ƙera motoci ai ba sa bukatar mai tsaron tsuntsu ya koya musu lissafi.

Gasar ƙarama ce, ba a nuna ta a talabijin. Abin da ake samu shi ne jadawali da suke sawa a intanet kan kowane wasa: sunayen 'yan wasa a jere, gaban kowane suna lambobi. Suna gabanmu da awa takwas, wasan da suke farawa ƙarfe shida na yamma a nan goma na safe ne. Sai in kwafe lambobin Nu'uman a takarda, ranar Asabar in shiga mota in kai Argungu. Hodi bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ranar farko na nuna masa inda ake rubuta nasara, da inda ake rubuta mutum nawa yaron ya fitar. Ya bi su da ido kawai. Ya ce in nuna masa yawan jifa. Na nuna. Ya ce in nuna masa inda ake rubuta kuskuren saiti. Na nuna masa gurbin kyauta, da wani ɗan gurbi kusa da shi na mutanen da ƙwallo ta buga a jiki. Ya ɗora yatsa a kan ukun nan, sannan ya ce kullum in riƙa rubuta kwanan wata a sama.

Shekarar farko lafiya lau. Jifa tamanin da biyar, casa'in, casa'in da huɗu, kwana shida ko bakwai tsakanin wasa da wasa. Kyauta ɗaya, wani lokaci babu. Hodi ya duba, ya ninke takarda, ya ce "To," ya sa a aljihu. Fadimatu ta raɗa mini cewa duk suna jere ƙarƙashin katifarsa, kuma in ba kowa a ɗaki yana fito da su. Na ajiye wannan don ranar tsokana.

A shekara ta biyu, cikin watan Yuni, masu jifa biyu na ƙungiyarsu suka ji rauni, nauyi ya dawo kan Nu'uman. Ni abin da na gani nasara ce kan nasara. Ya fitar da mutum tara, ya fitar da goma sha ɗaya. Na riƙa nuna wa malamai wayata a ɗakin hutu har suka fara gudu in sun hango ni. Wata Asabar na kai takardu uku lokaci guda, ina tafe ina murmushi.

Hodi ya shimfiɗa su a kan tabarma, ya danne kowace da tsakuwa. Jifa ɗari da takwas. Ɗari da goma sha bakwai. Ɗari da ashirin da ɗaya. Ya duba kwanan wata, ya ƙirga da yatsu, kwana biyar, kwana huɗu. Kyauta biyu, sannan uku, sannan huɗu da mutum ɗaya da ƙwallo ta buga. Ya daɗe yana kallo. A tsawon zamana da shi ban taɓa ganin tsoro a fuskar Hodi ba, ko ranar da aka kawo shi daga gona hannu na lilo. Ranar na gani.

"Malamin Lissahi, mi kag gani nan?"

"Nasara ukku nig gani."

"Ni na ga curi na bin sama."

Na ce yaro yana fitar da mutane fiye da kowane lokaci, wane irin hannu ne mai ciwo zai yi haka. Ya ce shi ma a rana ta goma sha ɗaya ya fi kowace rana ƙarfi. Na ce can akwai likitoci. Ya ce likita sai an gaya masa, kuma yaron da ya tashi a gidansa ba zai buɗe baki ya ce wa manyansa ya gaji ba. Wannan kam ban iya musawa ba, don na san Nu'uman. Fadimatu tana bakin ƙofa da faifai a hannu, ta daina tankaɗe tana saurare.

Hodi ya tattara takardun, ya juyo ya dube ni sosai.

"Ka kirai. Ka ce mai ubanai yac ce shi aje hannun nan kwana arba'in. Ba shawara ta ba. Ko korarai za su yi, shi aje. Ka hwaɗa mai awa yadda nih hwaɗa maka."

Na ce to.

Washegari da hantsi na kira Nu'uman daga Gwadangaji. Muka gaisa, kafin in buɗe baki ya riga ni da nasa labarin, murya cike da murna. Ya ce masu neman 'yan wasa daga babbar gasa za su zo kallonsa a ƙarshen Agusta, an gaya masa a asirce. In ya riƙe wuta wata biyu, shi ke nan. Na tambaye shi hannu fa. Ya ce gwiwar hannu takan yi nauyi da safe, amma da ya motsa jiki sai ta saki.

Ga saƙon ubansa a bakina, ga wannan labari a kunnena. Kwana arba'in daga ranar zai cinye Yuli, ya shiga Agusta, masu zuwa su ji yana zaune su fasa zuwa. Na yi lissafin nan cikin ƙiftawar ido, ai sana'ata ce. Na kuma gaya wa kaina cewa tsoron tsoho ne, wanda yake auna kowane hannu da nasa.

"Babanka na gaishe ka," na ce. "Ya ce ka riƙa hutawa sosai."

"Ina hutawa, Kawu. Ka ce mai ina gaishe shi."

Da Hodi ya tambaye ni ko na faɗa, na ce na faɗa. Zancen nauyin gwiwar hannu kuwa ban kai masa ba.

Daga nan barci mai daɗi ya ƙaurace mini. Ni da nake buɗe jadawali in duba nasara, sai na tsinci idona yana zuwa gurbin kyauta da kansa. Huɗu. Biyar. Wani wasa uku, na ce alhamdulillahi, ashe ba komai. Na gaba shida, da mutum biyu da ƙwallo ta buga. Jifa ɗari da ashirin da takwas, ɗari da talatin da huɗu. Yana cin wasa har yanzu, amma da ƙyar. Sau biyu na ɗauki waya in faɗa masa gaskiyar saƙon, sau biyu na ajiye, ina cewa saura mako uku, saura mako biyu. Asabar ta zame mini ranar fargaba. In miƙa takarda, Hodi ya duba, ya ninke, ko "To" ɗin ma ya daina cewa. Ya rame. Fadimatu ta ce tuwo yake taɓawa ya ture, kuma ya fara azumin Litinin da Alhamis bai ce don me ba.

Wata Asabar Fadimatu ta tare ni a soro kafin in shiga.

"Aminu, ka tabbata ka hwaɗa ma yaron ga? Bai taɓa ƙetare maganar ubanai ba."

Na ce manyansa ne ba su bari ba. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ranar wasan da masu neman 'yan wasa za su zo, Talata ce, muna hutun makaranta. Ƙarfe tara na safe na ji sallama. Hodi ne tsaye a ƙofar gidana, ya sauka daga keke-napep da babbar rigarsa ta Juma'a. Mutumin da sai ya shekara bai taka Birnin Kebbi ba. Ya ce ya zo duba wani iri a kasuwa. Ban tambaye shi wane iri ba, na shimfiɗa mana tabarma a gindin dogon-yaro, na kawo ruwa, na ajiye waya a tsakaninmu.

Jadawalin yana canzawa ne duk bayan 'yan mintuna, sai ka ja shi da yatsa ya sabunta. Babu hoto, babu murya. Ƙarfe goma da 'yan mintuna sunan Nu'uman ya fito, gabansa sifili a jere. Na ja. Jifa biyar, kyauta ɗaya.

"Na hwarko?" in ji Hodi.

Na ce mutum na farko ne.

Na ja. Babu canji. Na sake ja, yatsana yana barin gumi a kan gilashi. Jifa goma, kyauta biyu. Wata mai tallan fura ta yi sallama, babu wanda ya amsa mata. Hodi ya riƙe kafaɗarsa ta dama da hannun hagu yana murzawa, ban jin ya san yana yi. Jifa goma sha uku, ga ɗaya ta fito a gurbin wanda ƙwallo ta buga. Na fara addu'a a ɓoye, ba ta nasara ba, cewa nake Allah Ya sa mai horarwa ya cire shi yanzu, da ƙafarsa da hannunsa.

Jifa goma sha tara. Ya fitar da mutum ɗaya. Na ce, "Ka gani, ya dawo." Hodi ya ci gaba da murza kafaɗarsa.

Jifa ashirin da uku, kyauta uku. Daga nan lamba ta tsaya. Na ja, na ja, na ja. Minti biyar, minti goma, ba abin da ya motsa, ko na Nu'uman ko na kowa. Na ce sabis ne, na tashi na zaga gida da waya a sama, na dawo. Ba sabis ba ne, komai yana buɗewa. Wasan ne ya tsaya, kuma na san ba a tsayar da wasa minti goma sha biyar don a canza ɗan wasa mai tafiya da kansa lafiya.

Da ya motsa, wani suna ne ya fito ƙarƙashin na Nu'uman. Nasa ya tsaya a ashirin da uku.

Na kira wayarsa, tana kashe, dama ba sa shiga fili da ita. Muka zauna har wasan ya ƙare wajen ƙarfe ɗaya, an ci su takwas da biyu. Ban san me ya sa muka jira ba. Da aka kira azahar na ji ba zan iya tsayawa sahu ɗaya da shi da abin nan a cikina ba.

"Yaya Hodi, ban hwaɗa mai ba. Cewa niy yi shi riƙa hutawa. Kwana arba'in ɗin ban ambata ba."

Ya juyo a hankali. Na so ya zage ni, na so ma ya ɗaga hannun hagun ya mare ni.

"Na sani," ya ce. "Tun da nig ga ɗari da ashirin da takwas bayan saƙona."

"To don mi ba ka yi magana ba?"

"Da wa?"

Ya miƙe ya ɗauki buta. Bayan salla ko abinci bai tsaya ci ba, ya ce zai koma kafin motoci su yi wuya. Na raka shi titi, muka tsaya har keke-napep ya zo.

Sai washegari Nu'uman ya ɗauki waya. Ya ce ba komai, jijiya ce ta ɗan ja, an ba shi hutu. Na ce wane irin ja. Ya ce Kawu kada a tayar wa Inna da hankali. Na kai wannan Argungu kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba, amma yanzu wa zai yarda da abin da ya fito daga bakina. Satumba ya shiga ya fita, ina buɗe jadawali kowace ranar wasa, sunansa babu. Duk wanda na tambaya a waya amsa ɗaya ce, yana samun sauƙi. Mun yi mako bakwai ba mu san ko yaronmu yana da hannu ko babu ba, ga shi kullum muna jin muryarsa.

Tsakiyar Oktoba ya dawo. Na tarye shi a filin jirgi, ya fito da riga mai dogon hannu, jaka a kafaɗar hagu, hannun dama a aljihu. Ya yi ƙiba, ya yi haske, yana dariya. Na rungume shi ina kaffa-kaffa. A mota na so in tambaya, ya riƙa ba ni labarin jirgin ƙasa da yadda suke cin ɗanyen kifi, har muka shiga Argungu. Ni ma ban matsa ba, tsoron amsar nake ji.

Gida ya cika da mata ana ta barka da zuwa. Hodi ba ya nan, ba zai zauna jiran ɗan fari ba, yana gona, shinkafar damina ta nuna. Da la'asar muka bi shi can, ni da Nu'uman. Yana zaune a gindin rumfa da igiya a hannun hagu, tare da wasu manoma uku abokansa. Nu'uman ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da ubansa, kai a sunkuye.

Hodi ya ajiye igiya. Sai ya miƙa masa hannu.

Manoman suka dubi juna. A gidansu uba ba ya ba ɗan fari hannu, kuma tun da aka haifi Nu'uman ba a taɓa gani ba. Yaron ya dubi hannun. Sannan ya zaro hannun dama daga aljihu, ya tallafe shi da na hagu a ƙarƙashin gwiwar hannu, ya miƙa, yadda duk yaro mai tarbiyya yake karɓar hannun babba. Ɗaya daga manoman, Tamba, ya ce madalla, ƙasar waje ba ta ɓata shi ba.

Hodi ya riƙe hannun, bai saki ba.

"Ɗauke na hagu," ya ce.

Nu'uman ya ɗago ya dube ni. Na kalli ƙasa.

"Ɗauke."

Ya ɗauke. Gwiwar ta sauka nan take, hannun ya yi rawa, da Hodi bai riƙe ba da ya faɗi kan cinyarsa. Yatsu biyu na ƙarshe suna lanƙwashe, ba su rufe kan hannun ubansa ba. Hodi ya kawo nasa na hagu ya tallafi gwiwar, ya ja hannun riga sama da babban yatsa. Tabon ɗinki ne dogo, ja, daga cikin gwiwa zuwa tsakiyar damtse. Tamba ya yi salati a hankali.

"Mi likita yac ce?"

Wannan ne karo na farko da na ji ya yi wa yaron tambaya kai tsaye. Nu'uman ya ce an ɗinke jijiya, amma wata ta taɓu, yatsun wataƙila su dawo wataƙila a'a. Jifa kam sun ce kada ya sa rai. Sannan ya ƙara da cewa:

"Tun Yuni nika jin ciwon ga, Baba. Kullum ina cewa in na tsaya za a ce ɗan Hodi ya yi ragwanci. Ina ta jiran in ji daga gida. Da ka ce in bari, da na bari."

Ina tsaye taku uku daga gare su, na buɗe baki, na ja numfashi in faɗa. Hodi bai ko waiwayo inda nake ba. Ya saukar da hannun rigar a hankali har wuyan hannu, ya gyara shi, yana riƙe da gwiwar ɗansa.

"Ban ce ba," in ji shi.